Da gaske tiyata na ƙara wa yaro tsawon hanji?

Ummu Hanan: Assalamu alaikum, likitoci. Jaririn da hanjinsa ya murɗe, aka yanke mafi yawan ƙaramin hanjin har ya rage santimita 40, abincinsa sai ta jijiya: ana iya tsawaita ragowar? Ta yaya, tunda hanji ba roba ba ne?

Likitan Fiɗa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Ana yi, amma ba jan sa ake ba, faɗinsa ake mayarwa tsawo. Jaririn da ya cika wata tara a ciki yana zuwa da ƙaramin hanji mai tsawon kamar santimita 200 zuwa 250. Idan aka yanke da yawa, ragowar kan buɗe a hankali ya zama kamar jaka. To bangon da ya yi nisa da ɗan'uwansa ba ya iya matsa abinci gaba. Sai abinci ya kwanta, bakteriya su hayayyafa, ga kumburin ciki, ga amai, ga zawo.

Hanyoyi biyu ne sanannu. Ta likitan fiɗar yara Adrian Bianchi, ta 1980: tantanin da ke kawo wa hanji jini fallaye biyu ne, sai a raba su, a tsaga hanjin a tsaye ya zama bututu biyu, kowanne da jijiyoyinsa, a haɗa ƙarshen wannan da farkon wancan. Tsawon wurin da aka tsaga ya ninka ke nan. Sai wadda ake kira STEP, wadda likitocin fiɗa Kim da Jaksic suka fito da ita a birnin Boston na Amurka a 2003: ana datsa hanjin a kwance da sitefilar tiyata, daga dama, sannan daga hagu, ba tare da an kai ƙarshe ba, a bar hanya mai faɗin kusan santimita 2. Abinci sai ya riƙa bin ta kamar tafiyar maciji.

Sista Mai Jinya: Sharaɗin dai shi ne hanjin ya buɗe, galibi santimita 4 ko fiye. Siririn hanji babu abin yanka a jikinsa. Kuma a ranar tiyata fatar cikin hanjin da ke tsotsar abinci ba ta ƙaru ba ko kaɗan, tafiyar abincin aka gyara. Shi ya sa ake rage abincin jijiya sannu a hankali, ana auna nauyin yaro da yawan bayan gidansa kullum.

Malam Na-Asibiti: Ta Bianchi ta fi wuyar hannu. Jijiya ɗaya ta yanke, bututu guda na iya mutuwa. STEP ba ta taɓa jijiyoyin, amma hanjin kan sake buɗewa har a maimaita aikin, bakin sitefilar kuma kan yi gyambo ya riƙa tsiyayar jini a ɓoye, sai a ga jinin yaro na yin ƙasa. Ɗinki na iya yoyo ko ya tsuke a duka biyun.

A duba hanta tukuna, Hajiya. Idan abincin jijiya ya riga ya ƙeƙasar da ita, maganar ta koma ta dashen hanji, wani lokacin har da hantar.