Me ya sa ake girmama Woodward haka a kimiyyar haɗa sinadarai?

Ɗalibar kimiyya:
Assalamu alaikum malamaina. A darasin kimiyyar sinadarai masu ɗauke da kabon, sunan Robert Burns Woodward na Jami'ar Harvard ba ya barin bakin malaminmu. Na karanta cewa shi da William Doering sun haɗa kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, a 1944, amma kuma aka ce ba a taɓa sarrafa maganin ta hanyarsu ba. To, ina girman aikin yake, tunda bai kai ga marasa lafiya ba?

Malamin jami'a:
Wa alaikumus salam, 'yata. Tambayarki tana kan hanya, domin kuwa har yau daga ɓawon itacen sinkona ake samo kwinin, kamar yadda ƙwayoyin bakteriya ne ke samar da bitamin B12 da ake sayarwa, duk da cewa Woodward da Albert Eschenmoser na Zurich sun kammala haɗa shi a 1972 bayan fiye da shekara goma, tare da masu bincike kusan ɗari. Abin da ya sauya shi ne yadda ake tunkarar aikin. Kafin zamaninsa galibi ana gwadawa ne a ga abin da zai fito, shi kuwa sai ya zauna ya tsara kowane mataki bisa fahimtar yadda ilektoron ke motsi, ya kuma yi amfani da zobban sinadarin, wato atom-atom da suka haɗu a zagaye kamar zobe, domin tilasta wa kowane atom ya zauna a gefen da ake so. Da wannan ya haɗa kolestarol da kotizon a 1951, da rizafin, maganin hawan jini, a 1956, da sinadarin da ke ba ganye launin kore a 1960, har aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1965.

Mai haɗa magunguna:
Malam ya yi bayani, amma a kan kwinin akwai abin da ya kamata ki sani. Woodward da Doering sun tsaya ne a wani sinadari da ake kira kwinotoksin, suka dogara da rahoton Paul Rabe da Karl Kindler na Jamus na 1918, wanda ya ce ana mayar da shi kwinin, sai dai rahoton bai zo da cikakken bayanin gwaji ba. Gilbert Stork, wanda ya fitar da tasa hanyar a 2001, ya nuna shakku sosai, kuma ni ina ganin shakkun ya dace. Sai dai a 2008 ne Aaron Smith da Robert Williams suka maimaita matakan Rabe, suka samu kwinin.

Malamin jami'a:
Haka ne, ɗan'uwa, na gode da wannan ƙarin. A wurina kuma, gadonsa mafi girma ya fito ne daga cikin aikin bitamin B12 ɗin. Ana cikin aikin sai wani mataki na rufe zobe ya ba da siffa saɓanin wadda ya yi hasashe, aka kuma lura cewa zafi da haske ba sa kaiwa ga sakamako ɗaya. Maimakon ya wuce, sai ya nemi Roald Hoffmann, matashin masani a fannin lissafin sinadarai, suka wallafa ƙa'idojin da ke ɗauke da sunansu a 1965, waɗanda za ki ci karo da su idan kun kai ga darasin rufe zobba. Hoffmann ya karɓi Nobel a 1981 tare da Kenichi Fukui na Japan. Woodward ya rasu a 1979, kuma ba a ba mamaci wannan lamba.

Ɗalibar kimiyya:
Allah ya saka da alheri. Malam, da wanne ya fi dacewa in fara karatu, aikin rizafin ko ƙa'idojin da suka yi da Hoffmann?