Don Allah shawara: kekena mai batir ya ƙi hawa tudu

Baban Nana: Salamu alaikum ƴan uwa. Bayan sallar layya na saida mashin ɗina saboda haihuwar maiɗakina da hidimar suna, ga bashin da wana ke bi na tun auren ƙanwarmu wanda ba ya magana amma matarsa tana yi, abin da ya rage na haɗa da kuɗin adashi na ba wani yaro mai zuwa Kano ya sawo mini keke mai batir. Kullum ina ɗaukar kula biyu ta ƙanƙara da zoɓo daga unguwar Birni zuwa kasuwar Dole, nan Damagaram. Kan gudron lafiya lau, amma akwai wani tudu kusa da gidanmu wajen duwatsu, gindinsa duk yashi, da na kai tsakiya sai injin ya yi ta gurnani ya ɗauke, in sauka in tura. Jiya na taɓa shi kamar tukunya kan murhu. Wallahi barci ya gagare ni, duk jarina ke nan.

Usta mai gyara: Wa alaikumus salam. Injin a cikin taya yake ko a tsakiya wajen feda? Me aka rubuta a jikinsa?

Baban Nana: Cikin tayar baya. 36V 250W.

Usta mai gyara: To shi ke nan, kekenka ba ya da ciwo, aikin ne ya fi ƙarfinsa. Wat 250 ɗin nan don Turai aka yi shi, can doka ta tsayar da shi a wat 250 da gudun kilomita 25 a awa, kuma taimaka ma ƙafa yake, mutum na taka feda. Injin cikin taya ba ruwansa da giyar keke, in gudu ya ragu kan tudu yana jan wuta da yawa amma ba ya juyawa, sai wutar ta koma zafi, shi ya sa yake ɗaukewa don kar ya ƙone. Ga kuma ranar Damagaram. Mai hawa tudu shi ne injin tsakiya irin na kamfanin Bafang, yana ja ta sarƙa, ka sa ƙaramar giya ya hau da kai a hankali. Ku daina kallon wat kawai, ƙarfin murɗawa ake dubawa, wanda ake aunawa da Nm, irin naka wajen Nm 40 ne, na tsakiya mai kyau yana kai 80.

Ɗan Karkada: Malam kar ka wahalar da kanka, sa batir mai 48V, abokina haka ya yi yanzu tashi yake.

Usta mai gyara: Kar ka soma! Akwatin da ke raba wuta na 36V ne, yana iya ƙonewa, ka yi biyu babu.

Maman Hauwa: Ku kuna ma samun kuran ɗin caji. Mu mai gidan da muke haya ya hana a jona ko firji, kuma ƙarshen wata kuɗin wuta daidai muke raba shi da masu fanka uku, na yi magana an ce na cika fitina.

Mai kabu-kabu: Saida shi tun da sauran darajarsa ka koma mashin. Ni na ga keke uku irin wannan jingine a gareji, babu kayan gyara.

Baban Nana: Ba zan koma ba, kuɗin mai ne ya cinye mini riba shekara biyu. Kuma yaron da ya sawo amintacce ne, an ce masa yana ɗaukar kaya. Usta feda kuma gwiwata ba ta bari.

Usta mai gyara: To rage kaya, kula ɗaya ɗaya, ka hau da safe batir na cike, don in ya yi ƙasa ƙarfin ma raguwa yake. Ka taho da gudu tun daga nesa.

Baban Nana: Sahu biyu ƙanƙarar narkewa za ta yi kafin in isa, kuma yashin nan ba ya barin a taho da gudu. Ɗan Karkada, abokin naka a ina aka sa masa batir ɗin, nawa ya biya?