Allurar man gaɓa a kafaɗar Baba: a yi ko a dakata?

Sadiya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Hoton kafaɗar Baba ya fito, likita ya ce guringuntsin ya cinye, amosanin gaɓa ne. Maƙwabcin rumfarsa a Kantin Kwari ya faɗa masa wai allurar hayaluronik asid tana mayar da kafaɗa sabuwa. Tun jiya ya matsa sai an yi masa. Me kuka gani?

Yaya Auwalu: Wa alaikumus salam. A yi mana. Gwaggo ta Fagge an yi mata a gwiwa bara, ga ta nan tana sallah a tsaye. Dama jikin mutum ne ke yin wannan sinadarin, shi ke sa ruwan gaɓa yauƙi kamar miyar kuɓewa. In ya tsinke ai sai a ƙara.

Hauwa: Yaya, gwiwa daban, kafaɗa daban. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da allurar tun 1997, amma a gwiwa. A 2020 ƙungiyar likitocin ƙashi ta can ta fitar da jagora kan amosanin kafaɗa, ta ce hujja mai ƙarfi ta nuna ba ta da amfani a nan. A gwaji, waɗanda aka zuba wa ruwan gishiri su ma sukan ce sun ji sauƙi. Kuma wallahi ba ta tsirar da guringuntsi. Wanda ya cinye ya cinye.

Yaya Auwalu: To likitocin da ke yin ta a kafaɗa fa, duk ba su san aikinsu ba?

Hauwa: Ban ce haka ba. Akwai masu samun sassauci na 'yan watanni, a wurin aikinmu na gashin ƙashi ina ganinsu. Abin da ke ci mini rai shi ne a ce wa dattijo zai warke, ya kwashe jarinsa, wani lokaci har allura uku ko biyar mako-mako, bayan wata shida ciwo ya dawo.

Kawu Sani: 'Ya'yana, ni tambayata daban ce. An ce da zankon zakara ake yin ta. Gaskiya ne?

Hauwa: Wasu haka ne, Kawu. Wasu kuma daga ƙwayoyin bakteriya ake haɗa su, sai a duba kwalin.

Sadiya: Allurar sitiroid fa, mai rage kumburin nan, Anti Hauwa? Na ji ta fi araha.

Hauwa: Ta fi saurin aiki ma, amma tana ɗaga sukari na 'yan kwanaki, kin san kuwa Baba yana da ciwon sukari. Masu wannan ciwo sun fi kowa fama da sandarewar kafaɗa, ita kuma motsa jiki take so. A kai shi Asibitin Ƙashi na Dala ranar Litinin a tabbatar ko amosanin ne ko sandarewar ce ke hana shi ɗaga hannu.

Yaya Auwalu: Na yarda, ni zan kai shi. Amma ni nake jin nishinsa da daddare. In likitan Dala ya ce a gwada, ni zan biya, ko barcin wata uku ne ya samu.

Hauwa: In ya ce a gwada ba zan hana ba, Yaya. Ni dai a faɗa wa Baba gaskiyar abin da za ta yi masa kafin a soka.