Neman kalma: me za mu kira labrum na kafaɗa?

Hajara: Salamu alaikum. Gobe da safe zan yi wa masu ɗori bayanin yadda muke gwada kafaɗar da ke yawan gocewa, kalma biyu sun tsaya mini. Ta farko labrum, guringuntsin da ya zagaye bakin gurbin kafaɗa ya ƙara masa zurfi. Shi ne ke yagewa ta gaba idan kan ƙashin dantse ya goce, raunin da ya ci sunan Bankart, likitan Ingila da ya bayyana shi a 1923. Ta biyu sunan gwajin: a kwantar da mutum rigingine, a ware hannu daidai kafaɗa, gwiwar hannu a lanƙwashe, a murɗa baya sannu a hankali. Ba zafi muke nema ba, fuska muke kallo. Sai ka ga ya ɗaure ta, ya ce "za ta fita!" Da ka danne kan ƙashin ta gaba, sai hankalinsa ya kwanta.

Bashir: Gwajin fargaba kawai.

Malam Garba: Labrum da Latinanci leɓe ne. Leɓen gurbin kafaɗa, magana ta ƙare.

Bashir: Malam, ka ce wa ɗan dambe leɓensa ya tsage, baki zai shafa. Ni gammo na gani. Zagayayye ne, kuma shi ke hana tulu zamewa.

Issoufou: Nan Maraɗi da Faransanci aka koya mana, bourrelet, wato abin da aka naɗa ya yi tudu a gefe. Ya fi kusa da gammo.

Malam Garba: To, yanzu Faransa ce alƙaliyar Hausa? Gammo sauke shi ake yi a ajiye, wannan kuwa manne yake da ƙashi. Shekara nawa ina koyar da fassara, yaran yau kowa ya kwana ya tashi sai ya ƙirƙiro kalma.

Issoufou: Ai Latin ma ba Bakano ba ne, Malam.

Bashir: Allah ya huci zuciyar Malam.

Hajara: Don Allah a dawo, dare na yi. Gwajin fargaba dai kowa ya yarda?

Malam Garba: Ɗar-ɗar ya fi, amma je ki da shi.

Hajara: Na gode, Baba. Gammon kafaɗa zan faɗa da baki, a takarda in rubuta leɓen gurbi a gefensa.

Malam Garba: A gefe? A gaba dai.