Neman kalma: me za mu kira abin da ke kwaikwayon anzim mai jan ƙarfe?

Ɗaliba, Jami'ar Abdou Moumouni, Yamai:
Salamu alaikum. An ce in yi wa 'yan lise bayani da Hausa kan "modèle biomimétique", na rasa sunan da zan ba shi. Ga yadda abin yake. In kun fasa goro ko kun yanka dankali kuka ajiye, sai ku ga ya rine. Aikin wani anzim ne, wato furotin da ke gaggauta sarrafa sinadarai a jikin halitta, dangin tirozinaz ɗin da ke yin baƙin fatarmu. A tsakiyarsa akwai ƙwayar jan ƙarfe 2, kowace histidin 3 (ɗaya daga cikin tubalan da ake gina furotin da su) na riƙe da ita, su ke cafke iskar oksijen su ɗora ta kan abin da za a sarrafa. To masana sukan haɗa ɗan ƙaramin sinadari mai kama da wannan tsakiyar kaɗai, don su ga yadda aikin ke tafiya. Shi nake nema wa suna. Na yi tunanin "samfuri".

Malamin shimi, Tawa:
Wa alaikumus salam, ɗiyata. Samfuri ɗan abin da aka ɗebo ne daga cikin buhu. Wannan kuwa ba daga anzim aka gutsuro shi ba, ƙera shi aka yi.

Wani ɗalibi:
Malam, a ce "jabun anzim" mana.

Malamin shimi:
Haba yaro, wa aka cuta? Jabu baya yake bi, wannan har gaba ya taɓa shiga. A 1989 Kitajima, wani masanin shimi na Japan, ya haɗa irinsa, ya nuna oksijen kwance a gicciye tsakanin jan ƙarfen biyu. Sai a 1994 aka ga haka yake a hemosiyanin, furotin da ke sa jinin wasu halittun teku ya yi shuɗi. Ni "makwaikwayin anzim" na fi so.

Ɗaliba:
Malam, tsorona kada su ɗauka wasan kwaikwayo ne. Kuma abin ba wasa ba, galibinsu sai an sanyaya su wajen digiri 80 ƙasa da sifili, in ba haka ba su lalace nan take.

Wani dattijo:
Ni ban yi lakkwal mai zurfi ba, amma kakana maharbi ne. Kan burtu yake ɗaurawa a goshi, ya duƙa yana rangaji har ya kusanci gada. Kai kaɗai ne, babu fiffike babu ƙafa, amma yana yin aikin. Ba shi kuke faɗa ba?

Malamin shimi:
Baba, ka kusa kashe bakinmu. Sai dai burtu yaudarar dabba yake, namu kuwa gane tsuntsun muke son yi. Ɗiyata, rubuta "makwaikwayin anzim" a allo, ki buɗe bayani da labarin burtun.

Ɗaliba:
Na gode Baba, na gode Malam. Zan tafi da goro biyu aji. Saura "substrat", na sa "abin sarrafawa" kafin wani ya kawo wanda ya fi shi.