Miliyan 32 ɗin Crawford: lada ne ko sadaka?

Bakin Ganga: Jama'a abin nan ya daɗe yana ci min rai. A watan Agustan 2021 San Francisco Giants, kulob ɗin wasan besbol na Amurka, suka ƙara wa ɗan wasansu Brandon Crawford kwantaragin shekara 2 a kan dala miliyan 32, yana da shekara 34. Shekarar ya buga .298, wato a bugu goma yana samun kusan uku, da hom-ron 24 (bugun da ke ba mai bugu damar zagaye duk zangunan fili ya ci maki), sai aka ruɗe. Da sabon kwantaragi ya fara aiki fa? 2022 ya sauko .231 da hom-ron 9. 2023 kuwa .194, wato a bugu goma ko biyu ba ya samu, kuma bai buga wasa ɗari ba. Wannan ba ciniki ba ne, sadaka Farhan Zaidi, shugaban harkar 'yan wasan Giants a lokacin, ya yi. Wanda ya isa ya musa.

Na Bakin Teku: Malam, ka janye kalmar sadaka. Mutumin da ya ci kofin World Series, babban kofin besbol, sau biyu da kulob ɗin, 2012 da 2014, ya karɓi Gold Glove, kyautar gwanin tsaro, sau huɗu, kuma babu wanda ya kai shi yawan wasa a gurbin shotstof (mai tsaro tsakanin zango na biyu da na uku) a tarihin Giants, shi za ka mayar almajiri?

Bakin Ganga: Ai ka taya ni ne, Alhaji. Duk abin da ka lissafa na baya ne, an riga an biya shi da miliyan 75 na shekara 6 da ya sa wa hannu a 2015. Kuɗin da aka ba mutum don jiya, ba don gobe ba, me sunansa?

Na Bakin Teku: Sunansa lada. Da tsohuwar zuma ake magani.

Uwar Lissafi: Ku duka biyun kun bar hanya. Ana auna kwantaragi ne da abin da ke hannun kulob ranar sa hannu. A 2021 ma'aunin WAR, wato yawan nasarar da ɗan wasa ya ƙara wa kulob fiye da ɗan cike gurbi, ya ba shi wajen 6, ya zo na huɗu a zaɓen gwarzon National League. A kasuwar 'yan wasan da kwantaraginsu ya ƙare, a lokacin ana ƙiyasta WAR ɗaya a kan dala miliyan 8 ko kusa. Raba 32 da 8, huɗu ke nan. Abin da Giants suka saya shi ne WAR 2 a kowace kaka, aikin ɗan wasa matsakaici. Sun riga sun sa ran zai faɗi da kashi biyu cikin uku. Wanda ya yi ragi irin wannan ba sadaka yake yi ba. Sai dai faɗuwar ta wuce inda suka zata.

Shuɗi Har Kabari: Hajiya, ko an yi ragi sadaka sadaka ce. Mu a Dodgers Corey Seager ya tafi, ba mu yi kuka ba.

Na Bakin Teku: Ya tafi Texas a kan miliyan 325, ya ci kofi a 2023, ya zama gwarzon gasar. Ku yi kukan mana, ba wanda ya hana ku.

Shuɗi Har Kabari: Wasa 107 kuka ci a 2021, mu 106, amma da muka haɗu a zagayen kifa-ɗaya-kwala, wa ya kora wani gida a wasa na biyar?

Na Bakin Teku: Alƙalin zango na farko ya kore mu. Ya ce ɗan wasanmu Wilmer Flores ya kai sanda ya kuskure ƙwallo, alhali bai kai sanda ba, kowa ya ga maimaicin. Ana cin mu biyu da ɗaya, da mutuminmu a zango, aka yanke wasa a kan wannan.

Bakin Ganga: Ni Crawford na kawo, ba Flores ba.

Malam Safar Hannu: Bari in mayar da ku fili. Aikin shotstof ƙafa ne kafin hannu. Yana tsaye tsakanin zango na biyu da na uku. Ƙwallo ta taso daga sanda, takun farko ne ke yanke hukunci. In ta bi damansa, can cikin rami, sai ya tare ta da bayan safa, ya kafa ƙafar dama, ya jefa mafi tsawon jifa zuwa zango na farko, duk cikin daƙiƙa huɗu da 'yan kai kafin mai gudu ya iso. Crawford bai taɓa zama mai gudu ba, ƙarfinsa karanta ƙwallo ne da saurin sakinta daga hannu. To a 2022 gwiwa ta kumbura, ya yi zaman jinya, wasa 118 ya buga. Gwiwa in ta ƙi, rabin taku ya tafi, ƙwallon da da ake tarewa sai ta wuce ta gefen safa. A wajen bugu ma haka: ƙafa ba ta kafu ba, ƙugu ba ya juyawa da wuri, ƙwallo mai sauri ta riga ka. Sannan a 2023 aka hana tara masu tsaro a gefe ɗaya, dole biyu nan biyu can, ƙafa a kan turɓaya. Filin da shotstof zai rufe ya ƙaru daidai lokacin da ya cika 36.

Bakin Ganga: Yawwa! To wa bai san gwiwar ɗan 35 tana iya kumbura ba?

Malam Safar Hannu: Kada ka ɗauke ni shaidarka, ƙanena. Na faɗi abin da ya lalace ne, ban ce sadaka ba.

Autan Zaure: Yayyena, tambaya: in mai karɓa attajiri ne, ana cewa sadaka? Ba kyauta ba ce?

Shuɗi Har Kabari: Tukwici ne.

Na Bakin Teku: Tukwici ɗan aike ake ba wa. Ka iya bakinka.

Uwar Lissafi: In akwai kuskure, a tsawon kwantaragin yake da lokacinsa. Da sun jira ƙarshen kaka, suna iya yi masa tayin shekara ɗaya da doka ta tsara, miliyan 18.4 a lokacin. Abokin wasansa Brandon Belt shi ya karɓa. In Crawford ya karɓa, an tsira daga 2023. In ya ƙi ya tafi wani kulob, Giants su samu ƙarin gurbi a zaɓen matasa. Sai dai wanda ya buga .298 yana tsaron shotstof zai iya ƙi, kuma dubi kasuwar hunturun da ya biyo bayan kakar 2021: Javier Báez miliyan 140 na shekara 6 a Detroit, Trevor Story ma haka a Boston. Ku tambayi magoya bayansu yadda shekarun farko suka kasance. Kuskuren shekara 2 yana wucewa, na shekara 6 zama yake yi.

Bakin Ganga: In sun yarda da shi, me ya kai su neman Carlos Correa a Disamban 2022 da miliyan 350 na shekara 13? Har an shirya mayar da Crawford zango na uku. Da gwajin likita bai ɓata cinikin ba, da sun biya mutum biyu a kan gurbi ɗaya.

Shuɗi Har Kabari: An kira 'yan jarida a gabatar da shi, aka soke da safe. Wayyo cikina.

Na Bakin Teku: Kulob ɗin New York Mets ma sun duba ƙafar Correa sun ja baya. Likitocinmu sun yi gaskiya.

Autan Zaure: To ni dai ba a amsa min ba, kyauta ce ko sadaka?

Malam Safar Hannu: Auta, je ka kwanta.

Bakin Ganga: Wasa 81 Giants suka ci a 2022, 79 a 2023, aka kori kocinsu Gabe Kapler. Shi kuwa Crawford St. Louis ta ɗauke shi a 2024 a kan miliyan 2, ta sallame shi a Agusta. Daga miliyan 16 a shekara zuwa 2. Kasuwa ta faɗi farashinsa.

Uwar Lissafi: Farashin 2024 ke nan, Malam. Ihu bayan hari kake yi.

Na Bakin Teku: A matsayina na mai kula da zaure, ga abin da aka cimma. An yi ittifaƙi kalmar sadaka ba ta dace ba. Hajiya ta nuna da lissafi cewa kuɗin daidai ne. Malam Safar Hannu ya tabbatar laifin gwiwa ne da sabuwar doka, ba na Crawford ba. Flores bai kai sanda ba. Na rufe.

Uwar Lissafi: Ban ce daidai ne ba, Alhaji. Na ce shekara ɗaya ta fi.

Shuɗi Har Kabari: Ya kai sanda.