Wa Zai Biya Kuɗin Ruwan Indararo?

Ƴar Gangare:

Assalamu alaikum, ƴan'uwa. Majalisar ƙaramar hukumarmu za ta yanke shawara kan abu biyu: sa wa kowane gida kuɗin gyaran magudana, da makomar gine-ginen hukuma da aka kulle aka watsar. Ni a gangare nake zaune, don haka abin ya taɓa ni har ƙashi. Na ɗora amsa-amo a kan "wa", mai amsawa ya biyo ni da shi.

Tsakar dare hadari ya sauko,
Ta ƙasan ƙofa ruwa ya leƙo,
Na ɗauki auta, na ta da na farko,
Muka hau gado muna kallon ruwa.

Littafan ƴata suna iyo a ɗaki,
Tawada ta narke, shafi ya yi baƙi,
Ta dube ni, na rasa ta cewa a baki,
Hawaye na zuba, na kasa ɓoyewa.

Ruwan nan ba daga rufina ya zo ba,
Rufina ƙarami ne, bai kai haka ba,
Na tudu sun daɓe fili, ba su bar ƙasa ba,
Abin da ƙasa za ta sha, ni ke kwashewa.

Majalisa ta ce kowa ya biya,
Kuɗin magudana, ma'auni ɗaya,
Mai ɗaki biyu da mai benen haya,
Ku gaya mini, wannan adalci ne kuwa?

Mai Sito:

Hajiya sannu, Allah ya kiyaye gaba,
Ciwon da kika ji ban raina shi ba,
Amma ruwan sama ba ni na aiko shi ba,
Yaya za a ce in biya kuɗin zubowa?

Na biya na fili, na biya na shara,
Na biya na hanya tun farkon shekara,
Kwalbatin layinmu har yau ba gyara,
Ina kuɗin baya? A fara nunawa.

Can a Amurka, jihar Merilan,
A 2012 aka yi doka irin wannan,
"Harajin ruwan sama" aka sa mata nan da nan,
A 2015 majalisa ta janye tilastawa.

Mai Awo:

Alhaji, kuɗin ba na girgije ba ne,
Na hanyar da ruwanka zai bi ne,
Siminti da kwano da kwalta, su ne
Suka toshe bakin ƙasa ta kasa shanyewa.

Milimita 1 a kan murabba'in mita,
In ka tara shi, cif zai ba ka lita,
Wannan awo ne, ba zancen jita-jita,
Ko ina ka gwada, haka yake fitowa.

Rufi mai murabba'in mita 100,
Milimita 25 ta zubo daga hadari,
Lita 2,500 ke nan, ba ragi ba ƙari,
Daga rufi ɗaya tak take gangarowa.

Siton da ya kai 2,000 har da farfajiya,
Lita 50,000 yake turowa a dare ɗaya,
Ba ya cin birki sai ƙofar Hajiya,
Ka ga dalilin da ya sa ake aunawa.

Kafin in sauka, ga ƙarin bayani. Birnin Filadelfiya na Amurka tun 2010 ya fara lissafa wa filayen kasuwanci kuɗin nan bisa girman fili da yawan wurin da aka rufe da kwano ko kwalta, kuma wanda ya tare ruwansa a cikin filinsa ana rage masa. Garuruwa da yawa a Jamus ma sun raba kuɗin ruwan datti na gida da na ruwan sama, na biyun da awon daɓe ake biyansa. Kuɗi bai ɗaya da majalisa ta kawo kuwa, ni ma ban goyi bayansa ba, Hajiya.

Tsohon Kansila:

Ƴaƴana, na taɓa zama kujerar nan,
Na san yadda ake raba kasafin nan,
Sabon gini kowa na so a zauren nan,
Yasar magudana ba mai tunawa.

Sabon titi akan buɗe shi da taro,
Bututun ƙasa ba mai ziyara sai sauro,
Mu kuwa ranar zaɓe muke jin tsoro,
Abin da ido ke gani muke zaɓowa.

Kuɗin in sun faɗa babban asusu,
Albashi da bashi ke fara cin su,
Sai dai a ware musu akwati na kansu,
Kowa ya ga shiga, ya ga fitarwa.

Landan sai da kogin Tems ya cika ta da wari,
A 1858 majalisa ta rasa haƙuri,
Sannan Injiniya Bazaljet ya zo da tsari,
Har yau ta magudanansa ƙazanta ke wucewa.

Kofanhagan ta ƙasar Denmark, Yulin 2011,
Awa biyu ruwa ya shanye hanya,
Asibiti da jirgin ƙasa suka sha wuya,
A 2012 suka tsara wa ruwa wurin tsayawa.

Ina faɗin haka da nauyin zuciya, don ni ma na ɗaga hannu wa titi na bar kwata.

Ɗan Layi:

Baba Kansila, Allah ya ja kwana,
Akwai mai rufi da ba a so a nuna,
Hukuma ce, ga gine-ginenta a rana,
An sa musu kwaɗo, an tafi ba waiwayowa.

Makarantar da na koyi baƙi da wasali,
Na leƙa taga, allo na nan da guntun alli,
Silin ya rufto, ya jiƙe kamar kwali,
Jemagu a rataye, gara na cinyewa.

A kan tudu take, ganye ya toshe indararonta,
Ruwa ya bi bango har ya tsaga ta,
Bishiya ta tsiro a tsakar barandarta,
Mai makullin kuwa an kasa ganowa.

Kango ma rufi ne, yana zubar da nasa,
Farfajiyar kwalta ba ta barin ya shiga ƙasa,
In za a auna Alhaji da sitonsa,
A fara da na hukuma wajen lissafawa.

Shikago ta Amurka a 2013 ta rufe makarantu,
Kusan 50, aka kwashe yara da karatu,
Unguwanni na nan da tarin buƙatu,
Da dama sun shekara goma ba buɗewa.

Mai Sito:

To a yi gwanjonsu mana a huta,
Kuɗin a zuba su a yasar kwata,
Hukumar da ta kasa riƙon dukiyarta,
Ta sakar wa wanda zai iya kulawa.

Batun awo kuwa, Malam, na ji ka,
Nauyin da yake nawa zan ɗauka,
Bayan sito akwai fili, rami zan haƙa,
Amma rasit nake so, da aikin da ke ganuwa.

Malama Mai Alli:

Ku yi mini afuwa, ni ƙwar biyu na iya.

Alhaji, fili sau ɗaya ake sayarwa,
Ran da aka nemi wurin asibiti, ba ya dawowa.

Kuɗin gwanjo damina biyu suke ƙarewa,
Magudana kuwa kullum tana son yashewa.

Ginin da ya ruɓe har ƙashi, na yarda da rushewa,
A fasa kwaltar, ƙasa ta samu numfasawa.

A Rotadam ta ƙasar Holan an gina dandali mai gangarawa,
Ran rana yara na ƙwallo, ran ruwa yana tarewa.

Tashar jirgin ƙasa ta Orse a Faris an so rusawa,
A 1986 ta zama gidan zane, duniya na zuwa.

Tashar lantarki a bakin Tems, bayan kashewa,
A 2000 ta zama gidan zane na Tate Modern, ana ta tururuwa.

Mu ba mu roƙi haka ba, namu mai yiwuwa:
Ɗakin karatu, ajin ɗinki, wurin shan inuwa.

Ginin da ƙafa ke shiga shi ake gyarawa,
Wanda aka kulle, damina ce ke gajewa.

Mai Awo:

Malama, kafin a sa yara a ciki,
A kira injiniya ya duba ginshiƙi,
Ginin da ruwa ya daɗe yana ci a jiki,
Fenti ba ya hana shi faɗowa.

Tsohon Kansila:

Ƴar Gangare, wannan baitin naki ne.

Ƴata, kuka a waje ba ya shiga takarda,
Ki rubuta koke, maƙwabta su sa hannu su shaida,
A kai wa kansila, a matsa har ya yarda,
Ya karanta a zaure ranar tattaunawa.

Ƴar Gangare:

Baba na gode, daren nan zan rubuta,
Littafin ƴata zan haɗa da ita,
Su ga shafin da ruwa ya ɓata,
Kafin su ɗaga hannu wajen yankewa.

Zan biya nawa daidai faɗin rufina,
Zan tambayi makullin makarantar da kaina,
Tana kan tudu, ta fi ƙarfin ɗakina,
In an gyara aji biyu, mun sami wurin fakewa.

Alhaji, in ka haƙa ramin ka sanar da ni,
Ɗan Layi, ka zo da safe ka raka ni,
Yanzu dai gabas ta yi baƙi, ku gafarce ni,
Katifa na ƙasa, zan je ɗagawa.